Fitilar Taya da Idon Surukata

Ranar Litinin na fito daga gidan mai da tanki cike, ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe bai sayi kowa ba. Tun da hantsi nake layi. A cikin layin na karanta jarida, na ara wa na bayana, ta zaga ta dawo mini babu shafin wasanni. Mun saba da mutumin da ke gabana har ya nuna mini hotunan jikokinsa. Ana haka rediyo ta kawo mana Mai Girma Kakakin Babu Matsala, Allah ya ƙara masa numfashi, yana bayani cewa babu ƙarancin mai ko kaɗan, mutane ne kawai suke son taruwa. Muka yi masa godiya daga cikin motocinmu, kowa da irin kalmar da ya zaɓa.

To da aka zuba mini na hau titi ina murmushi ni kaɗai. Ban yi nisa ba wata 'yar fitila rawaya ta sake kamawa a allon gaban sitiyari, da rubutu a ƙasanta wai tayar gaba ta hagu ba ta da iska.

Na ce ta sake, domin ba ranar ta fara ba. Motata ba yarinya ba ce, ta yi wa wasu hidima kafin ta faɗo hannuna, amma tana da wayon zamani. A cikin kowace taya akwai wata 'yar na'ura maƙale da bawul, wato bakin da ake ɗura iska, masu sana'ar suna ce mata sensa. Aikinta tsegumi. Da iska ta ragu sai ta kai wa allo rahoto, allo kuma ya kunna mini fitila.

A watan jiya ne na faɗa wani rami a titinmu, titin da Mai Girma Mai Almakashi ya zo ya buɗe da kansa, aka yi tafi, aka kwashe kujeru, damina ta zo ta rufe shi. Da na kai motar wajen mai faci ya duba, ya ce tayoyin gaba sun fara cinyewa ta gefe, sai ya yi musu canjin wuri: na gaba suka koma baya a gicciye, na baya suka dawo gaba. Ba a daɗe ba fitilar nan ta fara. Duk lokacin da ta kama sai in tsaya in sa a ƙara wa tayar gaba ta hagu iska, ita kuwa fitila ko gezau.

Ranar Litinin ɗin ma wajen mai facin na tsaya. Ya ɗora geji, abin auna iska, a bawul, ya duba, ya juyo mini da shi.

"Malam, tayar nan fa ta ƙoshi."

"Ƙara mata," na ce.

"In na ƙara za ta yi magana."

"Motar ce da kanta ta ce babu iska. Kai ka fi ta sanin jikinta?"

Ya ɗan ƙara mata don kada a ce ya ƙi. Ya ce bari ya zaga ya duba sauran, na ce ina sauri, wadda aka kawo ƙararta ita ake bincika. Sai ya nuna mini garejin da ke bayan rumfarsa, ya ce akwai wani da ake kira Mai Na'ura, shi ne ke jin yaren waɗannan fitilu. Na leƙa na ga motoci a jere. Mutumin da ya yini a layin mai ba ya fita neman wani layin. Na ja motata na yi gida.

Da a ce wani mako ne da ban damu ba. Amma surukata, mahaifiyar uwar yarana, tana gidanmu, kuma ranar Laraba da safe za a yi mata aikin ido a wani asibiti da ke wani gari, tafiya mai nisa a kan babban titi. Yanar ido ce ta rufe mata gani. Ta daɗe tana jiran a zo kanta, an kuma gaya mana ƙarara cewa wanda ranarsa ta wuce shi zai koma ƙarshen layi. Auta a gidanmu ta fara tafiya, amma kakarta ba ta taɓa ganin fuskarta sosai ba. Da hannu take saninta, ta shafa kai ta shafa kumatu ta ce, "Wannan hancin na ubanta ne, Allah ya ba ta haƙuri."

Ina ajiye mota a inda na saba, gefen damanta manne da katanga, sai ga maƙwabcina ya fito. Tsohon direban babbar mota ne da ya yi ritaya, muna ce masa Dogon Zango. Babu abin da ya shafi ƙarfe mai tafiya da ba shi da ra'ayi a kai. Na gaya masa damuwata. Ya zo ya tsaya gaban tayar, ya kai mata shuri, ya saurara kamar likita.

"Lafiyarta ƙalau. Mu a zamaninmu da ƙafa ake tambayar taya, kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Fitilar ce ke da ciwo."

"To ya zan yi da ita?"

Ya shiga gida ya fito da baƙin salatif, ya yanko ɗan guntu da haƙori, ya leƙa ta taga ya manna a kan fitilar.

"Shi ke nan, ta warke," in ji shi.

Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, na ji daɗi. Allo ya yi tsaf. Nan take na gane abin da manyanmu ke ji idan suka hana a faɗi labari mara daɗi: wata irin natsuwa ce, mai sauƙin samu.

Natsuwar ba ta kai dare ba. Uwar yara ta fito ta ce in kai ta kanti ta sayo abin da za a tafi da shi asibiti. Tana zama, ina murza makulli, idonta ya sauka a kan allo. Hasken rawaya yana leƙowa ta gefen salatif ɗin.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Gyara ne."

"Wa ya yi?"

"Wani ƙwararre."

Ta sa farce ta ɓare shi, fitilar ta fito tana kallonmu duka biyu. Ta manna mini guntun a bayan hannu.

"Uwata ba za ta shiga motar da aka toshe wa baki ba. Ko dai gobe ka kai ta a gano abin da take faɗa, ko mu nemi motar haya."

Motar haya da tsohuwar da ba ta gani, a makon da direbobi ke kwana a gidan mai, ku ma kun san ba magana ba ce. Daga cikin gida kuma sai ga muryar surukata, don kunnenta ya karɓi aikin idon gaba ɗaya.

"Kada ki takura masa, 'yar nan. In motar ba ta da lafiya a bari, na saba da duhuna."

Wannan maganar ta fi faɗan uwar yara zafi. Washegari da safe na nufi gareji, Dogon Zango a gefena, wai zai je ya ga yadda ake damfarar mutane da kwamfuta.

Mai Na'ura mutum ne gajere mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, bakinsa ba ya hutawa. Da aka zo kaina ya buɗe aljihun tebur ya fito da wani abu naɗe a tawul, kamar jariri. Na'urar hannu ce, kamar wayar salula ta da, mai kauri, da ɗan allo da maɓallai. Ya danna, ba ta kama ba. Ya sake dannawa.

"Caji ya ƙare. Wutarmu ta tafi taro tun shekaranjiya, ba ta dawo ba."

A motata ya jona ta, muka tsaya muna hirar masu wuta har ta farfaɗo. Sannan ya ce kafin a taɓa komai sai ya ji ta bakin kowace taya. Ya durƙusa gaban ta gaba ta hagu, ya kafa kan na'urar a gefen roba daidai saitin bawul, ya danna maɓalli. Bayan ɗan jim ta yi ƙara, lamba ta fito. Ya ɗaga tabarau ya sake dubawa.

"Wannan saura kaɗan ta fashe. Wa yake ɗura mata iska haka?"

Dogon Zango ya kalle ni. Ni kuma na ga ya dace in duba rufin garejin, kwano ne mai kyau.

Ya zaga ta gaba ta dama, ya ce lafiya. Ya je ta baya ta dama, ya danna, ya duba lambar. Ya yafuto ni da hannu.

"Zo ka gani, Malam."

Iskarta ta yi ƙasa da kusan rabi. Na danna ta da tafin hannu na ji ta lotsa. Ita ce ke kwana manne da katanga, ita ce ta fi nisa da ƙofar direba, rabon da in yi mata kallon kirki har na manta.

"An yi wa tayoyin nan canjin wuri?" in ji shi.

Na ce an yi.

"To ba a gaya wa motar ba. Ita ta san kowace sensa da lambarta da inda take zaune. Wannan da can ita ce a gaba ta hagu. Ta yi ƙaura zuwa baya, tana ta kuka daga can, mota kuwa tana kiranta da tsohon adireshinta. Kai kuma kana ta ɗura wa wadda ta tare a tsohon gidanta iska."

Aka kira mai faci, ya sa jak ya cire ta, ya zuba mata ruwan sabulu. Kumfa ta fara tashi daga wani wuri can ta ciki. Ya sa filaya ya zaro ƙusa mai tsawon ɗan yatsa, ya ɗora mini a tafin hannu.

Na hango mu a kan babban titi, kwalta ta ɗauki zafi, ta gaba a kumbure, ta baya a lotse. Kuma kujerar baya ta dama ita ce wurin zaman surukata, don ta nan ne take jin sauƙin shiga da fita. A kan wannan tayar za ta zauna. Dogon Zango ya ce, a hankali, "Da na zaga na shure ta da na gane."

Mai faci bai ce ai na gaya maka ba. Ya dai ɗago kai daga aikinsa ya ce, "Malam, in na gama da wannan, a ƙara wa ta gaban?" Kowa a garejin ya yi dariya, ni ma na taya su, tunda ba ni da wata sana'a a lokacin.

Ana cikin facin sai muka ji jiniya. Wata baƙar jif mai baƙin gilashi ta shigo garejin, kowa ya gyara tsayuwa. Aka buɗe ƙofa, direba ne shi kaɗai, wani dattijo mai fuskar gajiya. Ya yi sallama, ya ba da haƙuri, ya ce jiniyar sabo ce, hannunsa ne ke kunna ta ba da saninsa ba. Shi ma fitilar taya ce ta kawo shi.

"Yallaɓai ya ce kada ya sake ganinta. Daga kujerar baya yake hango ta, ya ce tana tayar masa da hawan jini."

Na ga lambar ofis a jikin motar, sai bakina ya ƙi zama. Na ce, "Baba, ba ku ne aka nuna a talabijin kuna ƙaddamar da irin wannan na'urar ba? Har da jawabi."

Ya yi murmushi. "Mu ne. An sayo su kwali-kwali. An tura tawaga ƙasar waje ta koyo yadda ake dannawa."

"Kai ma ka je?"

"Ni direba ne, me zai kai ni? Manya ne suka je. Sun dawo da akwatuna masu kyau."

"To ina na'urorin?"

"Suna sito. Mai sito ya ce ba zai fitar ba sai Yallaɓai ya sa hannu. Yallaɓai kuma ba shi da lokaci, shi ne shugaban kwamitin rage ɓarna."

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya. Mutumin da ke rage ɓarna dare da rana ai ba a dame shi da zancen makullin sito ba.

Mai Na'ura ya durƙusa gaban tayar jif ɗin ya danna. Shiru. Ya matsa kan na'urar kusa da bawul ya sake. Shiru. Ya girgiza ta, ya zo ya gwada a tayata, ta amsa nan take. Ya koma ya zaga jif ɗin kaf, babu wadda ta ce uffan. Sai ya kama bawul ɗin da yatsu ya lanƙwasa shi, ya sa mai faci ya sauke taya guda ya ɓamɓare bakinta, suka leƙa ciki tare.

"Baba, babu kowa a gidan nan," in ji Mai Na'ura. "Bawul ne zalla. An canza tayoyin nan kwanan nan?"

Direban ya ce an canza, ɗan kwangila ne ya kawo, kuma an ce har da sababbin sensa aka biya.

Na sha jin labarin ma'aikatan bogi, masu suna a ofis babu mutum a kujera. Ban taɓa sanin abin ya gangaro har cikin taya ba. Ina ma a ce na san matakin albashin da aka ɗora su.

Mu muna dariya, shi direban ba ya yi. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya cire hula ya riƙe. Ya ce ɗan kwangilar ƙanin matar Yallaɓai ne. In ya koma ya faɗi abin da aka gani, za a ce shi ya cire ya sayar. In ya koma da fitila a kunne, za a ce bai iya aike ba. Saura masa kaɗan ya yi ritaya, ba ya son ya fita da baƙin fenti.

Dogon Zango ya daɗe yana kallonsa, direba yana kallon direba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙin salatif ɗin nan, ashe da shi ya taho.

"Ungo, ɗan'uwa. Ka ninka shi biyu, don haske yana leƙowa ta gefe. Amma ka sayi geji ka ajiye, kullum da safe ka zaga su duka. Duka fa, har wadda ke jikin katanga."

"Zan yi," in ji direban. "Ai ni ne a gaba. In ta fashe ni za ta fara gaisarwa."

Ya manna, ya yi godiya, ya ja jif ɗinsa. Sai da ya kai bakin titi hannunsa ya sake kunna jiniyar.

Aka mayar da tayata. Mai Na'ura ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, inda masu ƙera motar suka rubuta iskar da kowace taya ke so. Shekaru ina shiga ina fita ta gefenta, na ɗauka ado ce. Aka rage wa ta gaba, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, aka daidaita sauran.

"Yanzu sai a gabatar da su ga motar," in ji shi.

Ya sa na murza makulli ban tayar da inji ba. Ya shiga ya yi 'yan danne-danne a maɓallan sitiyari, motar ta yi hon sau biyu, sigina ta gaba ta hagu ta kama ta tsaya. Ya ce tana cewa a fara daga nan. Ya kafa na'urar a gefen tayar ya danna, muka jira, motar ta yi ɗan hon guda. Sigina ta koma gaba ta dama. Haka ya bi su, dama ta baya, sannan hagu ta baya, kowace ta amsa kamar ana kiran suna a aji. Dogon Zango yana biye da shi hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar shi ya koya masa. A ta ƙarshe motar ta sake yin hon sau biyu. Na kashe, na tayar da inji. Fitilar ta kama tare da 'yan'uwanta, ta ɗan yi jim, ta mutu.

Na kira uwar yara a waya na gaya mata. Ba ta ce sannu ba, ta ce, "Kashe ta aka yi ko gyarawa?" Na ce ƙusar tana aljihuna, zan kawo mata shaida. Sai na ji tana gaya wa mahaifiyarta, na ji tsohuwar tana cewa, "Ai na gaya miki yaron kirki ne." Ban san lokacin da ta gaya mata ba, amma na karɓa.

Ranar Laraba muka yi sammako. Motar ta tafi sumul, surukata a kujerarta tana ta addu'a ƙasa-ƙasa, auta tana barci a cinyar uwarta. Muka isa kafin a buɗe ƙofar ɗakin aiki. Aka yi mata ido guda, aka ce ɗayan sai wannan ya warke. Washegari likita ya cire bandejin. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce a miƙo mata yarinyar. Ta riƙe ta a gabanta ta daɗe tana kallo, uwar yara tana share hawaye da bakin mayafi. Can ta juyo ta dube ni, ta sake duban auta.

"Ashe hancin bai kai yadda nake ji a hannu ba," in ji ta.

A hanyar dawowa ba ta bar komai ya wuce ba. An ba ta baƙin tabarau, ta manne da taga tana tambaya, wancan gini ne ko dutse, yaushe mata suka fara tuƙa mota da yawa haka. Muna shigowa gari, a babban shatale-tale, sai ga wani ƙaton allo mai tsawon bene. Hoton Mai Girma Wakilinmu ne, Allah ya ja zamaninsa, fuska ta cika allon, yana murmushi, an rubuta godiya a ƙasa, daga shi zuwa gare shi. Surukata ba ta karatun boko. Ta ɗaga tabarau ta ƙura masa sabon idonta.

"Wannan bawan Allah fa? Ɓata ya yi ake cigiya?"

Uwar yara ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Kusan haka ne, Mama. Tun da aka gama ƙirga ƙuri'a ba mu sake sa shi a ido ba."

"Allah sarki," in ji ta. "Ga shi da ƙiba, ba ka ce zai ɓace ba. Allah ya bayyana shi."

Muka ce amin.

Saboda haka, jama'a, duk wanda ya ci karo da shi, a filin jirgi ko a wani otal, ya taimaka ya gaya masa wata tsohuwa tana yi masa addu'a a unguwarmu. Ba sai an yi masa kwatance ba. Ya san hanya, har ƙofar gida ya zo lokacin da shi ne ke cigiyarmu.